Shekarar da Alhaji Mamman Ya Rufe Shago

Na san kun daɗe kuna jin wata magana a cikin garin Daura, wani lokaci a gidan biki, wani lokaci daga bakin wanda bai san ku 'ya'yana ba ne, wai ni ce na kashe shagon Alhaji Mamman mai littattafai. Ban taɓa mayar wa kowa amsa ba, domin shi da kansa ya roƙe ni in yi shiru. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafa ta fara ƙin kai ni unguwa, sai na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran tunani, kada ku gaji magana rabi.

Shagonsa yana bakin kasuwa ta wajen tashar mota, ɗan matsattse, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a rana. Littattafan addini suna sama, na makarantar boko a tsakiya, na labarai kuma a kan tebur a ƙofa inda mai wucewa zai gan su. Ranar kasuwar ƙauye yakan ɗaure kwali biyu a bayan babur, yau Sandamu, gobe Dutsi, wani makon har Babban Mutum, inda mutanen Nijar suke tsallakowa su saya da sefa. Alhaji dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya sayar da littafin da bai karanta ba. In mace ta aiko a saya mata labari, sai ya tambayi ɗan aiken wane ta karanta a baya, ta ji daɗinsa ko ba ta ji ba, sannan ya zaɓa mata. Wadda ba ta da kuɗin saye ya ba ta haya. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina rubuta labarai ina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Babanku ne ya gano, ya ɗauki ɗaya ba da sanina ba ya kai wa Alhaji, don tare suke sallar azahar ranakun da babanku ba ya bin kasuwannin dabbobi. Bayan mako biyu Alhaji ya aiko cewa tsakiyar labarin ta yi sanyi, in na ɗumama ta zai kai Kano a buga. Haka muka fara. Shi zai biya maɗaba'a, shi zai sayar, abin da ya hau mu raba. Shekaru masu yawa muka yi a haka, ban taɓa tambayarsa lissafi ba, shi ma bai taɓa sa na ji ina bukatar tambaya ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda komai ya tashi lokaci guda. Mai ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, takarda kuwa da ake shigowa da ita daga waje ta zama kamar zinariya. A shekarar na gama littafi mafi tsawo da na taɓa rubutawa, labarin wasu 'yan'uwa mata biyu da gonar da ubansu ya bar musu. Alhaji ya karanta ya ce wannan shi zai riƙe shago har baɗi. Yana da bijimai biyu da ake yi masa kiwonsu a Sandamu, garinsu na asali. Ya sayar da su, ya tafi Kano, ya dawo da kwalayen da ba su kai rabin abin da ya yi niyya ba. Da ya haɗa kuɗin bugu da na mota sai littafi ɗaya ya kama kuɗin tiya biyu ta gero. A da mace takan sayar da ƙwai ko 'yar gyaɗarta ta sayi labari ba tare da maigida ya ma sani ba. To yanzu wace mai hankali za ta ajiye tuwon yara ta ɗauki littafi? Kwalayen suka zauna a shago, wata ya wuce, wani ya kama, guda biyu kawai aka buɗe.

'Yar'uwarku Hauwa ce ta kawo mini zancen waya. Lokacin tana aiki a asibiti, takan biyo ta gida in ta tashi kafin ta wuce ɗakinta. Ta nuna mini cewa akwai shagunan littattafai na intanet, mutum ya tura kuɗi daga wayarsa littafi ya buɗe masa a cikinta, ba takarda, ba kwali, ba kuɗin mota. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda shagunan suke kokawa da juna a kan farashi. Wannan ya rage yau, gobe wancan ya rage ƙasa da shi. Wani ya ce ranar Juma'a rabin kuɗi, wani ya ce karanta babin farko kyauta. Na ce da Hauwa ai wannan kasuwar tumatir ce da yamma. Shaguna biyu suka neme ni ta hannunta. Babban ya ce sunana sananne ne, kada in zubar da shi, za su sa littafin kusa da kuɗin na takarda, su ba ni kaso mai kyau, amma kada in kai shi wani wuri. Ƙaramin, wanda wasu matasa mata suka kafa, ya ce marubuci shi ke yanka farashinsa, sai dai su masu araha suka fi turawa gaba.

Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, ni da babanku da Hauwa, ina tsince shinkafa.

"Alhaji ya zuba shanunsa a cikin kwalayen nan," in ji babanku. "Ba a sayar da abu ɗaya kasuwa biyu, nan da tsada can da araha. Ki bari ya sayar da nasa tukuna."

"Baba, in ta jira wani zai ɗauki hoton shafukan ya raba kyauta," Hauwa ta ce. "An yi wa marubuta da yawa haka. Su ba su samu ba, mai shago bai samu ba."

"To sai a cuci mutum don gudun ɓarawo?"

"Ba cuta na ce ba, Baba. Cewa na yi jira ba ya tsare kowa."

Na bar su suka yi ta yi, har shinkafar ta ƙare a faifai. A raina na riga na yanke. Zan ba babban shagon, a sa shi da tsada, don wanda ya duba waya ya ga babu wani sauƙi ya koma wajen Alhaji. Na ga kamar na raba gardama, kowa na ba shi haƙƙinsa. Na roƙi babanku ya gaya wa Alhaji in sun haɗu a masallaci, ina tsammanin zai ji daɗi.

Washegari da hantsi sai ga sallamarsa a ƙofar gida. A iya sanina bai taɓa barin shago da hantsi ba sai ranar jana'iza. Babanku ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni na sa mayafi na zauna daga bakin ƙofar ciki. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, sannan ya juyo.

"Malama, an ce za ki sa littafin nan a waya da tsada saboda ni."

"Haka ne, Alhaji. Ba zan so a ce ni na karya maka kasuwa ba."

"To ni na zo in roƙe ki kada ki yi. Ki kai wa masu arahar nan. Ki sa shi kuɗin ƙosan karin kumallo."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Babanku ma ya gyara zama.

"Akwai wata mata a Babban Mutum mai sayar da daddawa," Alhaji ya ci gaba. "Da girmanta ta koyi karatu a ajin yamma. Duk abin da kika rubuta ta saya a hannuna. Kasuwa uku ke nan tana zuwa ta ɗauki sabon nan, ta karanta bayansa, ta tambaye ni nawa. Na rage mata har ba ni da ko sisi a kai, bai sauko inda hannunta yake ba. Sai ta goge bangon da gefen mayafinta ta mayar. Wancan makon ba ta ma tsaya ba, ta ɗaga mini hannu daga nesa. Kuma tana da waya, ɗanta ya aiko mata daga kudu."

"Alhaji, kwalayen fa?" na ce. "Shanunka fa?"

"Shanu nawa ne, ni na sayar, ba ki sa ni ba. Malam, kai ɗan kasuwa ne. Ranar da sabon gero ya shigo, wanda ya riƙe tsohon farashi me yake komawa da shi gida?"

"Buhunsa," in ji babanku.

"To haka ne. In ta sa da tsada, na kusa da ita a wayar za su sa da araha, a karanta nasu a bar nata. Nawa kuma ba za a saya ba ko ta sa ko ba ta sa ba, don babu kuɗin a hannun mutane. Sai mu taru mu biyu mu yi asara, matar can kuma ba ta karanta ba. Gara ɗayanmu ya tsira."

Babanku ya ce to a bar shi ya ɗauki rabin asarar shanun. Alhaji ya yi murmushi ya ce shekarun da aka ci riba bai ji Malam ya zo karɓar rabi ba. Daga nan ya kawo sharaɗinsa. Masu sayar da littattafai na yankinmu sun yi magana ɗaya a tsakaninsu, cewa duk marubucin da ya karyar da littafinsa a waya za su daina ɗaukar nasa. Mutanen nan abokansa ne tun ƙuruciya, wasu shi ya koya musu sana'ar, wasu iyalinsu sun fi nasa yawa. Ya ce ba ya so su ji cewa daga bakinsa shawarar ta fito, ba don yana tsoronsu ba, sai don ba zai iya duban idonsu ya ce musu abin da suka dogara da shi ya zo ƙarshe ba. Na yi masa alkawari. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba sai daga baya.

Hauwa ta kai wa ƙaramin shagon, muka sa kuɗin da ya faɗa. Kwana kaɗan babban shagon ya rage kuɗin labaransa, ƙaramin ya sake yin ragi na mako guda, wani na uku da ban taɓa jin sunansa ba ya aiko yana roƙon in ba shi ma. Na tsorata, na ce da Hauwa a haka za su mayar da wahalata kyauta. Ta ce in dakata in gani. Abin da ke shigowa a kan kowane littafi ɗan mitsitsi ne, amma masu sayen ba su da iyaka. Saƙonni suka riƙa zuwa daga Damagaram, daga Agadas, daga Hausawan Kumasi, har daga wata a Sudan da ta ce kakarta 'yar ƙasar Daura ce. Wata amarya a Dutsi ta ce ita ke karanta wa matan gidansu bayan sun gama daka, har an yi faɗa a kan wace ce mai gaskiya cikin 'yan'uwan biyu. Shekarun da na yi ina rubutu ban taɓa jin muryar masu karatuna da yawa haka ba. Na aika wa Alhaji rabin abin da ya fara shigowa. Ya karɓa sau ɗaya, don kada a ce ya mayar da hannun kyauta, na biyu ya dawo da shi ya ce yarjejeniyarmu a kan takarda take, wannan gumina ne da na Hauwa.

A shago kuwa abin da babanku ya ji tsoro shi ya faru. Mutum zai zo ya ɗaga littafin, ya ce ai yana waya da araha, ya ajiye. Hauwa ta taɓa tsayawa sayen littafin sakandare, ta ga wata mata ta tambayi sabon labarina, ta ji kuɗin ta ajiye shi. Da idonta ta ga Alhaji ya yagi 'yar takarda ya rubuta wa matar sunan shagon intanet ɗin, ya ce ta kai wa mai cajin waya na kusa da tasha ya nuna mata yadda ake yi. Hauwa ta dawo gida ta zauna a bakin gadona, ta ba ni labarin abin da ta gani.

Babban ɗan Alhaji, Kabiru, wanda ya tashi a shagon kuma yake sa ran gadonsa, bai san da zuwan mahaifinsa gidanmu ba. Wata ranar Laraba ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Hajiya, shekara nawa Baba yana ɗaukar littafinki a bayan babur, rana da ruwa?" ya ce. "Da ba shi, wa ya san ki? Yau kin samu waya kin manta."

"Kabiru, zauna ka sha ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Na zo ne ki san cewa mun gani, kuma Allah ya gani."

Babanku ya buɗe baki zai yi magana, na dube shi, ya haɗiye. Kabiru ya fita. Ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Duk wanda ya ga abin daga inda yake tsaye haka zai ce. Daga bakinsa maganar ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta shiga gidaje. Akwai matan da muka yi aikin koyarwa tare suka rage fara'a in mun haɗu. Masu shaguna suka sauke tsofaffin littattafaina daga tebur. Sau da yawa na kan shirya in je in roƙi Alhaji ya sake ni daga alkawarin, sai in tuna shi abin da ya rasa ya fi suna, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Bayan an gama girbi ya rufe shagon. Ba littafina kaɗai ya jawo ba, makarantu ma sun rage saye, amma nawa ne ya sa ran zai ɗauke shi, kuma da hannunsa ya sake shi. Littattafan addini ya sayar wa wani abokinsa. Kwalayen labarina kuwa ya ɗaure su a babur kamar yadda ya saba, ya bi azuzuwan yamma na mata a Dutsi da Sandamu da Babban Mutum yana rabawa kyauta, kowane aji ya bar musu daidai yawansu. Masu sayen takardar ƙunshin ƙosai sun taya, ya ce a'a. Sannan ya kwashe iyalinsa ya koma Sandamu noma, mutumin da hannunsa ya shekara talatin bai riƙe fartanya ba. Ni ma na biya nawa. Tun daga shekarar ban sake riƙe sabon littafina a hannu ba. Akwai tsofaffin masu karatuna da ba su da waya, ko idonsu ba ya ɗaukar haskenta, na rasa su har abada. Shagon yanzu wani yaro ke sayar da caja da murfin waya a ciki, in mota ta bi da ni ta wajen nakan dubi ɗaya gefen.

Shekaru huɗu ko biyar bayan haka muka ji ba shi da lafiya, babanku ya ɗauki shatar mota muka tafi Sandamu. Lokacin kaka ne, dammunan gero jingine a bangon gidan. Muka same shi a kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame, idonsa ya yi hazo, amma ya gane muryata tun daga sallama. Ya tambaye ni me nake rubutawa, na gaya masa. Ya tambayi yadda shagunan wayar suke, na ce har yanzu suna ta karya wa juna farashi, biyu sun mutu, uku sun fito. Ya ce haka kasuwa take, mai saye ne ke cin daɗin faɗan 'yan kasuwa. Kabiru yana can gefe yana gyaran amalanke, tun da muka shigo gaisuwa ɗaya ya yi mana ya juya baya. Sai Alhaji ya kira shi.

"Kabiru, matso nan. Malama tana riƙe da wani kayana shekara da shekaru, yau zan karɓa. Littafin nan da ta sa a waya da araha, ni na je har gidanta na roƙe ta. Ita tsada ta so ta sa don ta kare ni. Ni na hana, kuma ni na ce kada ta faɗa."

Kabiru ya tsaya da guduma a hannu.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka a lokacin, da ka hana ni. Kuma da na saurare ka, don kai ɗana ne."

Kabiru ya ajiye gudumar ya shiga cikin gida. Na ɗauka fushi ya yi. Muka ƙara ɗan zama, Alhaji ya yi mana addu'a, muka yi sallama. Da muka fito sai muka tarar direba yana ta ƙoƙarin rufe bayan mota, buhun gero ya hana. Kabiru yana tsaye kusa da shi, rigarsa duk ƙaiƙayi. Ya durƙusa har ƙasa a gabana, a bakin hanya, mutane suna wucewa.

"Hajiya, ki yafe mini."

"Tashi, Kabiru. Ubanka ka kare, ba ka yi mini komai ba."

Alhaji bai kai damina ba. Kabiru ya yi iya ƙoƙarinsa ya gyara maganar a wajen waɗanda ya gaya wa, amma gyara ba ta gudu kamar ɓatanci, shi ya sa har yau kuke jin ta. Kada ku yi gardama da kowa a kaina. In dai an kawo zancen a gabanku, ku ce Alhaji Mamman ya ga kasuwarsa za ta mutu, aka ba shi damar ya ja wasu su mutu tare da shi, ya ƙi. Kuma duk wanda hanya ta bi da shi ta Sandamu a cikinku, ya tsaya ya gaida Kabiru. Gidan ne na biyu bayan masallacin Juma'a, mai ƙofar langa-langa.